Tambayoyi da amsoshi kan kiwon tantabara a gida

Ina kiwon tantabara a cikin birnin Kano, a 'yar kusurwar gida, safe kafin in tafi aiki da yamma bayan na taso. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda samari da matan gida da ma dattawa suka fi yi mini, wasu a majalisa, wasu ta waya. Na tara su wuri ɗaya don mai sha'awa ya samu abin da zai fara da shi.

Malam, ina so in fara. Da guda nawa ya kamata in soma?

Aure biyu ko uku sun isa (aure ɗaya shi ne namiji da mace), kuma ka fara da 'yan gida. Na san ido yana tafiya wajen na waje, irin fantel mai baza wutsiya, da mai kumbura maƙoshi, da masu gashi har yatsun ƙafa, amma waɗannan suna da tsada, ba su da juriyar cuta kamar namu, wasunsu ma ba su iya renon 'ya'yansu sosai. 'Yar gida ta saba da zafinmu da hunturunmu, ta san yadda za ta kauce wa shaho, kuma in ta mutu a hannun sabon shiga asarar ba ta karya zuciya. Ka koyi aikin a kansu shekara guda. Bayan nan, in aljihu ya yarda, ka shigo da na ado.

A ina zan saya, kuma yaya zan gane lafiyayya?

Abin da ya fi shi ne ka saya a hannun mai kiwo, a gidansa, inda za ka ga ɗakin da tsuntsun ya fito da sauran 'yan uwansa. A kasuwa akwai sauƙin farashi, musamman kasuwannin mako irin Wudil ranar Juma'a ko Dambatta ranar Lahadi, sai dai a keji ɗaya ake cusa tsuntsayen gidaje goma, mai lafiya da marar lafiya.

In ka ɗauke ta a hannu, shafa ƙirjinta. In ƙashin ƙirji ya fito tsini babu tsoka a gefensa, ajiye ta. Buɗe bakinta ka leƙa maƙogwaro, ya zama ja-ja mai tsabta, babu wani abu rawaya manne a ciki. Ido ya zama a buɗe tar babu ruwa, gashin gindi babu kashi manne, sannan ka ɗaga fiffike ka duba ƙwarƙwata. Ko da ta tsallake duk wannan, kada ka haɗa ta da na gida ranar da ka kawo ta. Ware ta a keji daban aƙalla mako biyu.

Yaya ake bambance namiji da mace?

Da hali aka fi ganewa. Namiji ya fi girman kai da kaurin wuya, yana kuka yana zagaya mace yana jan wutsiya a ƙasa. Mace ta fi siririn kai, kuma ƙasusuwan gindinta biyu sun fi buɗewa, musamman in ta taɓa ƙwai. A ƙanana kuwa ko tsohon hannu yana iya kuskure. In aurenka ya yi ƙwai huɗu a sheƙa ɗaya kuma babu wanda ya ƙyanƙyashe, mata biyu ka haɗa. In wata da watanni sun wuce ana ta kuka da faɗa babu ƙwai, maza ne.

Wane irin ɗaki zan yi musu?

Ba sai mai tsada ba. Iyayenmu da tsofaffin tukwane suke yi, a kifa su a jikin katanga ko a gina su cikin bango, kuma tsuntsayen suna hayayyafa lafiya lau. Yau ana yi da katako da waya. Abin lura dai kaɗan ne: ɗakin ya ɗaga daga ƙasa, iska ta riƙa ratsa shi, ruwan sama kada ya shiga, rana ta taɓa shi da safe amma kada ta gasa shi da azahar. Masu ɗora akwati a ƙarƙashin kwano kai tsaye su sani cewa a watan Afrilu zafin kwanon kaɗai yana kashe 'yan shila. A sa kwali ko tabarma ko zana a tsakani.

Kowane aure a ba shi gurbi biyu. Dalili shi ne uwar takan sake yin ƙwai tun 'ya'yan farko ba su bar sheƙa ba, in babu gurbi na biyu sai ta zuba sabon ƙwai a cikin kashin manyan, su tattake shi. Ka riƙa zubar musu da 'yan tsinkaye ko busasshiyar ciyawa a kusa, da kansu za su kwasa su yi sheƙa.

Na sayo, na sake su, sun gudu. Me ke kawo haka?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace yawa, kuma ita ce ke sa da yawa su bar kiwon tun ba a je ko'ina ba. Bahaushe yana ce wa tantabara uwar alkawari domin ba ta manta gida. Wanda ka saya daga gare shi, gidansa ne gidanta har sai ka sa ta yarda da naka. Wannan halin ne ya sa a da ake aika wasiƙa da ita. A 1850 Paul Julius Reuter, wanda daga baya ya kafa kamfanin dillancin labarai na Reuters, da tantabaru yake kai farashin kasuwa tsakanin Brussels ta Beljiyam da Aachen ta Jamus, kafin wayar tangaraho ta haɗa garuruwan biyu. To, tsuntsun da zai iya wannan, komawa unguwar da ke bayan taku ba wani aiki ba ne a wurinsa.

Kulle su mako uku zuwa huɗu, manya ma har shida, a wurin da za su riƙa hangen tsakar gida da saman rufi ta cikin waya. A duk tsawon lokacin ka riƙa ba su abinci a lokaci ɗaya, da kira iri ɗaya, ko fito ko kaɗa hatsi a gwangwani. Abin da ya fi ɗaure tantabara a gida shi ne ƙwai. In sun fara kwanci, to an kusa gamawa, don ba kasafai uwa ke barin ƙwanta ba, namijin kuma ba ya barin matarsa.

Ranar sakin farko ka bari sai yamma ta yi, wajen bayan la'asar sosai, kuma da yunwa a cikinsu. Buɗe ƙofa kawai ka koma gefe. Kada ka kore su, kada yara su yi ihu ko jifa. Za su fito su hau rufi su dudduba, in magariba ta gabato ka kaɗa gwangwani su sauko.

Wasu suna fige gashin fiffike, wasu suna yankewa da almakashi. Wanda aka fige yakan tofo cikin kamar mako shida, wanda aka yanke kuwa sai lokacin da ta zubar da gashi da kanta. Ni ban son ko ɗaya, domin tsuntsun da ba ya iya tashi abincin mage ne. In dole ne, a ɗaure 'yan gashin bakin fiffike ɗaya da salatif na 'yan kwanaki, a kwance daga baya. Mafi sauƙi kuma, sayi 'yan shila da suka fara cin abinci da kansu amma ba su taɓa shawagi ba. Waɗannan ba su san wani gida ba sai naka.

Me suke ci?

Gero da dawa su ne ginshiƙi. A haɗa da alkama da ɓarzajjen masara, sannan wake ko waken suya da aka soya sama-sama, domin masu reno suna buƙatar abin gina jiki. Gyaɗa kaɗan tana da kyau lokacin hunturu, amma in ta yi yawa sai su yi ƙiba su rage ƙwai. Babba ɗaya yana cin kimanin giram 30 zuwa 40 a rana, masu ɗura wa 'ya'ya sun fi haka nesa ba kusa ba. Sau biyu a rana ya wadatar, a ba su abin da za su cinye su tashi, kada a bar saura ya kwana ya kira ɓera.

Kada ka yarda da hatsin da ya yi fumfuna don an karya maka farashi. Yana lalata musu hanta, kuma ba za ka ga illar ba sai sun fara faɗuwa.

Abin da sababbi suka fi mantawa shi ne tsakuwa. Tantabara ba ta da haƙori, da 'yan duwatsun da ta haɗiya take niƙa hatsi a ciki. Ajiye musu kasko da yashi mai tsakuwa, da dakakken ɓawon ƙwai da aka gasa, da ɗan gishiri, da garin gawayi. In ka ga suna tsattsagar tsohon bango, wannan suke nema.

Ruwa fa?

Kullum sabo, kuma a wanke mazubin. Kaza tana ɗiban ruwa ta ɗaga kai, ita kuwa tantabara tsoma baki take yi ta zuƙa, don haka ruwan ya yi zurfin da bakinta zai nutse. Da yawa daga cututtukansu ta kaskon ruwa suke yaɗuwa. Sau ɗaya ko biyu a mako a sa musu faffaɗan kwano su yi wanka da hantsi, a zubar da ruwan da zarar sun gama, kada su sha.

Kwana nawa suke yi kafin su ƙyanƙyashe, kuma yaushe 'yan shila ke isa yanka?

Tantabara takan balaga a wata biyar zuwa shida. Ƙwai biyu take yi, na biyun yana zuwa kamar kwana biyu bayan na farko, kuma kwanci yana ɗaukar kwana 17 zuwa 19. Abin da ya sa nake ƙaunar tsuntsun nan a nan yake. Miji da mata ne ke raba aikin: namiji ya karɓi kwanci daga hantsi zuwa yamma, mace ta kwana a kai har gari ya waye. In 'ya'yan sun fito, tsirara da ido a rufe, dukansu biyu ne ke yin wani farin ruwa mai kauri a cikin maƙoshinsu, su ɗura musu baki da baki. A kwanakin farko wannan kaɗai suke sha, daga baya iyayen su riƙa gauraya shi da hatsin da suka jiƙa a cikinsu. Shi ya sa ɗan shila da ya rasa iyaye a makon farko yake da wuyar rayuwa a hannun mutum, sai dai a saka shi ƙarƙashin wani auren da ke da 'ya'ya sa'anninsa.

Girmansu yana da sauri ƙwarai. A kwana 25 zuwa 30 gashi ya rufe su har ƙarƙashin fiffike, kuma a lokacin ne suka fi nama da taushi. Da zarar sun fara tashi sai su rame, naman ya yi tauri. Mai son farfesu don mai jego ko marar lafiya, wannan ne lokacinsa.

Nawa suna yin ƙwai amma ba ya ƙyanƙyashewa.

Bayan kwana shida ko bakwai da fara kwanci, ɗauki ƙwan cikin duhu ka haska shi da fitilar waya. In ka ga jajayen jijiyoyi, akwai rai. In fes yake, babu. Dalilan da aka fi samu su ne namijin ya tsufa ko bai gama balaga ba, ko cunkoso ya sa wasu mazan suna hana su sakat, ko ɓera yana tayar da uwar da dare ƙwan ya huce. Akwai kuma auren 'yan uwa da aka daɗe ana yi a garke ɗaya, wanda ke raunana iri. Lokaci-lokaci ka yi musanyen namiji da wani mai kiwon da ka yarda da tsabtarsa.

Wace cuta ce ta fi kashe su?

Uku ne suka fi damun mu. Ta farko ita ce mai murɗe wuya, 'yar uwar cutar da ke share kaji lokacin hunturu. Tana farawa da zawo mai ruwa kore-kore da yawan shan ruwa, daga baya ka ga tsuntsu ya juya kai sama, yana saran hatsi yana kuskurewa. Ba ta da magani, sai rigakafi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana yin rigakafin wannan cuta ta kaji, kuma likitan dabbobi zai gaya maka wanda ya dace da tantabara da yadda ake ba da shi. Wadda ta kamu a ware ta nan take. Wasu suna warkewa in an riƙa ɗura musu abinci da ruwa da hannu, amma aiki ne na makonni.

Ta biyu ita ce mai sa wani abu rawaya mai kauri ya toshe maƙogwaro. Ta fi kama 'yan shila, iyaye ne ke ɗura musu ita, kuma tana jin magani in an gano da wuri. Kada a ƙwaƙule abin da tsinke, jini zai ɓalle. Ta uku ƙuraje ne a gefen ido da baki da ƙafa, sauro ke kawo su, shi ya sa suka fi yawa da damina. Labulen gidan sauro a jikin wayar ɗakin yana rage su sosai.

Ina roƙon masu kiwo su daina zuba kowane kafso da suka samu a kemis cikin ruwan tsuntsaye. Ana kashe kuɗi, cutar tana ƙara taurin kai, sannan a yanka tsuntsun a ba marar lafiya da maganin a jikinsa. Duk wadda aka ba magani a tambayi likita kwanakin da za a jira kafin a ci. In kuma ka wayi gari ka ga tsuntsaye da yawa sun mutu lokaci ɗaya, musamman in akwai kaji a gidan, kada ka sayar da sauran, kada a ci, a sanar da ofishin kula da dabbobi. Tun Fabrairun 2006 da aka fara gano murar tsuntsaye a wata gona a Jaji ta Jihar Kaduna, cutar takan lafa ta sake dawowa.

Ƙwarƙwata da ƙuma kuwa, tsabta ce maganinsu. A riƙa canza sheƙa bayan kowane reno, a barbaɗa toka a ƙasan gurbin, a sa busasshen ganyen darbejiya.

Shaho yana ɗauke min su. Yaya zan yi?

Shaho yana da lokacinsa. In ka lura da sa'ar da yake zuwa, canza lokacin saki, ko ka kulle su kwana biyu ya gaji ya sauya hanya. Farare da masu nauyin tashi ya fi kamawa. Amma a gaskiya ɓarnar dare ta fi ta rana: ɓera da gafiya da muzuru, wani lokacin maciji mai bin ƙwai. Rufe ƙofa kowace magariba, kuma wayar ta zama mai ƙananan ido. Kwaɗo ma yana da amfani, don ba dabba kaɗai ke hawa katanga ba.

An ce kiwon tantabara ba shi da kyau a addini. Gaskiya ne?

Akwai hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito daga Abu Huraira, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga wani mutum yana bin tantabara sai ya ce shaiɗan ne yake bin shaiɗaniya. Malamai sun yi bayanin cewa abin zargin shi ne shagala da wasa da ita har a bar salla da aiki, ko caca a kanta, ko hawa soro ana leƙen gidajen mutane. Kiwo don ci, ko sayarwa, ko ɗebe kewa, halal ne matuƙar ana ba ta haƙƙinta na ci da sha. Maganar hawa soro kuwa ina ɗaukarta da nauyi ƙwarai. A cikin birni gidaje manne suke da juna, mata suna harkokinsu a tsakar gida. Saurayin da ya hau rufi yana kaɗa tsumma ya ci mutuncin maƙwabta ko da bai yi niyya ba, kuma irinsa ne suka ɓata wa masu kiwo suna.

Tantabarar wani ta biyo nawa ta shigo ɗaki. Tawa ce?

Ba taka ba ce, tsintuwa ce. Ka cigita a wajen masu kiwon unguwa, yawanci kafin kwana biyu za a san mai ita. Wanda kuma yake sakin nasa da gangan don su janyo na mutane ya rufe, sata yake yi, ko da abokansa suna yaba masa gwaninta.

Maƙwabta suna ƙorafi.

Sau da yawa suna da gaskiya. Tantabara tana sauka a kan shanyar hatsi, tana ɓata wanki, tana kashi a rufin da ake tarar ruwan sama. Ƙosar da su kafin saki, rage yawansu daidai girman gidanka, kuma in kana kusa da gonaki ka kulle su lokacin shuka. In 'yan shila sun isa, aika wa maƙwabciyar da aka ci wa gero aure ɗaya tare da ban haƙuri.

Yaya, ni matar aure ce, ba na fita sosai. Zan iya?

Ƙwarai kuwa, ƙanwata, kin ma fi mu dama, tunda kina gida kina ganin abin da ke faruwa da rana. Tsakin da ya rage a tankaɗe da ɗan geron da ya zube wajen surfe duk abincinsu ne. Ki dai nemi yardar maigida, ki sa ɗakinsu nesa da madafa da randar ruwa. Yara ma yana koya musu ɗaukar nauyi, muddin an gindaya musu cewa sai an dawo daga makaranta da islamiyya.

Akwai riba a ciki?

Akwai, amma ba irin wadda ake zuzutawa ba. Aure mai kyau da ke samun abinci yana iya ba ka 'yan shila goma zuwa sha biyu a shekara, wani lokacin fiye. Cire kuɗin hatsi, cire wanda cuta da shaho suka ɗauka, abin da ya rage shi ne naka. Ya isa kuɗin cefane jefi-jefi, da nama a gida, da taki mai ƙarfi da masu lambu ke so. Takin a bar shi ya bushe ya kwana biyu kafin a zuba, ɗanyensa yana ƙona shuka. A Masar don wannan takin da naman suke gina dogayen hasumiyoyin laka na tantabaru a ƙauyuka.

Na ado sun fi kawo kuɗi, amma kasuwarsu yayi ce, irin da ake rububi bana baɗi kowa yana da shi. Samari sukan kawo mini labarin tantabarar tsere da aka sayar a Beljiyam a Nuwamban 2020 kan Yuro miliyan 1.6. Labarin gaskiya ne, sai dai wannan harka ce ta masu tsere da zuriyar da aka rubuta tsawon shekaru, ba ta shafi abin da ke cikin akurkinmu ba. Kada kowa ya ci bashi ko ya sayar da keken ɗinkinsa don ya sayi tsuntsu.

Ana cewa ba sa zama a gidan da ake rigima, kuma suna tare wa mai gida sharri.

Rabin maganar farko yana da tushe: tantabara ba ta son hayaniya da firgita, in ana yawan tayar mata da hankali tana iya ƙaura. Maganar tare sharri kuwa camfi ne. In tsuntsu ya mutu a nemi cutar da ta kashe shi kafin ta kama sauran.

Zama da su yana cutar da mutum?

Yana iya yi, in babu kula. Ƙurar busasshen kashinsu da farin garin jikin gashinsu suna shiga huhu, kuma wanda ya shekara da shekaru yana shaƙa a rufaffen wuri zai iya kamuwa da tari da ƙarancin numfashi. Kafin shara a yayyafa ruwa, a rufe hanci da baki, a wanke hannu da sabulu bayan an gama. Kada a ajiye su a ɗakin kwana ko jikin tagarsa. Mai asma da mai juna biyu da ƙananan yara su bar wa wani sharar. In tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko zazzaɓi ya zo bayan ka yi jinyar tsuntsu marar lafiya, je asibiti, kuma ka gaya wa likita cewa kana kiwon tantabara, don shi ba zai yi tunanin tambaya ba.